Yadda Ake Tsara Ɗakin Ajiyar Kayan Tarihi na Jami'a

An rubuta wannan jagora ne domin malami ko ma'aikacin da aka danƙa wa makullin ɗakin da jami'a ke ajiye tukwanen da aka haƙo, da kayan fasaha, da tsofaffin takardu, alhali bai karanci aikin adana kayan tarihi ba, kuma kuɗin da aka ware masa bai taka kara ya karya ba. A Yamai akwai abin koyi a kusa. Cibiyar binciken al'umma ta Jami'ar Abdou Moumouni, wato IRSH, tana riƙe da rubuce-rubucen hannu na Larabci da na ajami kimanin 4,000, waɗanda tushensu tarin da marigayi Boubou Hama ya faro ne, tana kuma da sashen binciken kayan ƙarƙashin ƙasa. Jami'o'in da aka kafa a 2010 a Tawa da Maradi da Damagaram kuwa, duk ranar da ɗalibansu suka fita bincike suka dawo da tsingaro a buhu, ko wani gidan malamai ya kawo littattafan kakanni ajiya, sun soma tara nasu ke nan, ko sun shirya ko ba su shirya ba.

Jerin matakan yana da dalili, kuma bai kamata a sauya shi ba. Galibi abin da ke fara zuwa zuciyar sabon mai kula shi ne wanke kaya, da liƙe waɗanda suka fashe, da neman kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, da shirya baje koli. Duk waɗannan a baya suke zuwa. Abin da ke gaba shi ne a san me ke akwai, daga ina ya fito, kuma a ina yake ajiye.

Mataki na 1: A duba kafin a taɓa

Kafin a gusar da ko da kwali ɗaya, a ɗauki hoton ɗakin yadda aka same shi, kanta bayan kanta, kwali bayan kwali, har da rubutun da ke jikinsu. Wani lokaci ƴar takardar da ta faɗo bayan kanta, ko jaridar da aka naɗe tukunya da ita, ita kaɗai ce shaidar shekarar da abin ya shigo. Kada a zubar da tsohuwar leda ko ambulan mai rubutu, komai lalacewarsa. A kuma nemi tsofaffin ma'aikata, har da direba da mai gadi da suka yi ritaya, domin sau da yawa direban da ya kai masu bincike daji ya fi kowa tuna daga wane ƙauye aka ɗauko wane buhu.

Mataki na 2: Rajista da lamba

A sayi babban littafi mai ɗinkakkun shafuka, a sa wa kowane shafi lamba, shugaban sashe ya sa hannu a na farko da na ƙarshe. Wannan shi ne rajista, kuma ana rubuta shi da tawadar da ba ta gogewa. Idan an yi kuskure, a ja layi ɗaya a kansa ta yadda za a iya karanta abin da aka soke, a gyara a gefe, a sa kwanan wata. Kwamfuta tana da amfani wajen nema, amma ba ta maye gurbin littafin, domin abin da aka share a kwamfuta ba ya barin alama.

Lambar da ta fi sauƙi mai kashi uku ce: shekarar shigowa, da lambar rukuni, da lambar abu a cikin rukunin. Idan rukuni na 3 da ya shigo a 2024 yana da abubuwa 40, na goma sha biyu zai zama 2024.3.12. Tukunya da murfinta lambarsu ɗaya, a bambanta su da harafi. Kayan da aka tarar a ɗaki ba a san shekararsu ba, a ba su shekarar da aka ƙidaya su, a rubuta a fili cewa tarar da su aka yi. Kayan da ke da tsohuwar lamba kuwa, a bar musu ita, a rubuta ta a rajista kusa da sabuwa, domin wataƙila da ita aka ambace su a wani kundin digiri ko wani rahoto da aka buga. Lamba ba ta komawa kan wani abu daban, ko da na farkon ya ɓace.

Abin da ake rubutawa game da kowane abu ya kamata ya ishi wanda bai taɓa ganinsa ba ya gane shi a cikin ɗari. Ma'aunin da ake kira Object ID, wanda ya fito a 1997 kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ke kula da shi, ya tsara tambayoyin: wane irin abu ne, da me aka yi shi kuma ta wace hanya, girmansa, rubutu ko alamar da ke jikinsa, abin da ya bambanta shi da ire-irensa, sunansa idan yana da shi, abin da aka zana ko aka siffanta, zamaninsa, da wanda ya yi shi. An tsara shi ne domin ƴan sanda da jami'an duwan su iya gane abin da aka sace. Rubuta "tsohuwar tukunya" ba bayani ba ne. A rubuta tsawonta da faɗin bakinta da santimita, a faɗi cewa gindinta zagaye ne, wuyanta gajere, a kafaɗarta akwai zanen igiyar da aka murza kafin a gasa ta, kuma bakinta ya ɓalle a wuri biyu. Wannan ɓallin shi ne zai raba gardama ran da aka tsince ta a hannun wani.

Wajen sa lamba a jikin tukunya, a zaɓi wurin da ba ya da ado kuma ba ya gogar kanta, kamar kusa da gindi. A shafa siririn layi na Paraloid B-72, wani irin danƙo garai-garai, da aka narkar a sinadarin asetan, a bari ya bushe, a rubuta da baƙar tawada, a sake shafawa a kai. Amfanin wannan shi ne ana iya cire shi gaba ɗaya daga baya. Idan ba a samu Paraloid ba, a ɗaura ƴar takarda da zaren auduga, a sa abin a leda mai lamba iri ɗaya. Kada a yi amfani da maka, ko farin ruwan gyaran rubutu, ko salatif: maka tana nutsewa cikin yumɓu har abada, salatif kuwa zafin Afrilu yana zubar da shi, ya bar danƙo ya tafi da lambar.

Mataki na 3: Tambayar asali

Tarihin Bura, wani wurin tsofaffin maƙabartu, ya isa ya nuna dalilin da ya sa wannan mataki ba na wasa ba ne. A 1975 aka gano wurin a yankin Tera, jahar Tilaberi, kuma a 1983 Boubé Gado na IRSH ya jagoranci haƙa a can, a wurin da ake kira Asinda-Sikka, inda aka samu tulunan maƙabarta wajen 630 a kife, wasu da kawunan mutane na yumɓu a bisansu, har da wani mutum-mutumin mahayin doki da ya yi suna. Masana sun sa wannan al'ada tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Bayan baje kolin kayan kwarin kogin Kwara da aka buɗe a Faris a 1993, kasuwa ta buɗe ido, aka dinga tone wuraren ba bisa ƙa'ida ba, har a 2000 ICOM ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da aka fi wawashewa. Tulun da Boubé Gado ya haƙo an san zurfinsa, da abin da ke ƙarƙashinsa, da maƙwabtansa. Wanda aka tono da dare, ko da ya fi kyau, ba ya iya faɗin komai game da mutanen da suka binne shi.

Saboda haka jami'a ba ta sayen kayan da aka haƙo, komai arharsu, domin sayen ɗaya aika mai tono ne ya komo da goma. Dokar ƙasa ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan gado na al'ada ta hana haƙa da fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar UNESCO ta 1970. Idan manomi ya ci karo da tulu a gonarsa ya kawo, a karɓa da godiya, a rubuta inda ya same shi dalla-dalla, a sanar da hukumar al'adu ta jaha, a kuma roƙe shi kada ya ƙara tonawa.

Littattafan gidan malamai kuwa sha'aninsu daban ne, domin suna da masu su. Tun ranar farko a tantance ko kyauta ce, ko ajiya, ko aro domin ɗaukar hoto kawai, a rubuta, magada su sa hannu, ba mutum ɗaya ba. Tambayar ma tana da ladabinta. Ba a ce wa dattijo ya kawo shaidar mallaka. Ana cewa: "Allah ya gafarta Malam, wannan hannun wane ne? Shin marigayi da kansa ya kwafa, ko daga wurin malaminsa ya samu?" Daga nan zance zai buɗe, a ji garin da aka yi karatu da hanyar da littafin ya bi. Haka ma idan an je Bubon, ƙauyen magina tukwane da ke bakin kogi arewa maso yamma da Yamai, domin sayen sababbin tukwane na kwatance, a zauna a ce: "Inna, a ina kuke ɗibar wannan yumɓu, kuma me kuke haɗa shi da shi?" A rubuta amsar da sunan da ita take kiran kowace tukunya, da izininta.

Mataki na 4: Tukwane da tsingaro

Tukunya ana ɗaukarta da hannu biyu, ɗaya a gindi ɗaya a ciki, ba ta baki ko ta mariƙi ba, kuma kafin a ɗaga a tabbatar an share wurin da za a sauke ta. Mai zagayen gindi a yi mata gammo na farin ƙyalle ko na soso mai tauri. Manya su zauna a kantar ƙasa, kuma kada a sa wata cikin wata.

Game da wanki, a yi haƙuri. Tukwanen ƙasar nan galibi a fili aka gasa su, wutar ba ta kai ta murhun masana'anta ba, don haka jikinsu yana shan ruwa, jan ado ko farin da aka shafa musu yana iya bin ruwan. Burushi mai laushi a bushe ya wadatar. Baƙin da ya kama cikin tukunya da ƙasar da ke ciki kada a kankare su, domin daga irinsu ake gano abin da aka dafa, wani lokaci har a auna shekaru. Idan aka ga farin gari kamar kanwa yana fitowa a jikin tukunya, fatarta tana ɓarewa, gishirin ƙasa ne da ke narkewa da damina ya sake daskarewa da rani. A ware ta a wurin da danshi bai cika sauyawa ba, a nemi ƙwararre, domin fitar da gishiri aiki ne na tataccen ruwa da awo.

Liƙi shi ne inda ake garin neman gira a rasa ido. Gam mai kamawa nan take, da gam mai haɗi biyu, da siminti, duk sun fi yumɓun ƙarfi, kuma ba sa fita. Ran da tukunyar ta sake motsawa, sai ta tsage a sabon wuri kusa da liƙin. Fasasshiyar tukunya da aka tara gutsattsarinta a akwati ɗaya mai lamba ba ta yi asarar komai ba, tana iya jiran shekara ashirin. Tsingaro kuma a bar shi a rukunin da aka haƙo shi, ledar kowane rami da kowane zurfi daban, takarda ɗaya a ciki ɗaya a waje. Kada a haɗa masu kama da juna daga ledoji dabam-dabam don a ga sun yi kyau a ido.

Mataki na 5: Rubuce-rubucen hannu da takardun mulki

Littattafan malaman ƙasar Hausa ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne a sake, tsakanin bango biyu, a cikin gafaka. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Aiki na farko shi ne a sa wa kowace warƙa lamba da fensir mai laushi a kusurwar sama, bisa jerin da aka same su, ko da an ga a hargitse suke. Gyaran jeri a takarda daban ake yinsa, a ce warƙa ta 14 ita ke bin ta 9, domin hargitsin kansa wani lokaci yana nuna cewa littattafai biyu ne aka haɗa, kuma gafaka ɗaya tana iya ƙunsar fiƙihu da waƙar wa'azi ta ajami da wasiƙa da lissafin bashi. Kada a kai su wurin mai ɗinkin littafi, kada kuma a manne su cikin roba da na'urar zafi.

A karanta ƙarshen littafi da kyau, inda mai kwafi yakan rubuta cewa ya kammala, ya ambaci sunansa, wani lokaci da sunan wanda aka kwafa wa. A ɗaga warƙa a gaban haske a duba tambarin da ke cikin takardar. Jinjirin wata uku a jere alama ce ta takardar da aka yi a arewacin Italiya, wadda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita, kuma ta gidan Galvani ta yawaita a ƙarni na 19. Wannan ba ya ba da shekara, amma yana taƙaita zamani.

Hannu wankakke busasshe ya fi safar auduga, domin safa tana kama gefen takarda mai rauni ta yage shi. Ruwa kuwa kada ya kusanci rubutun ko kaɗan: tawadar gawayi da ƙaro tana narkewa, irin wadda aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe kuma danshi yana sa ta cinye takarda har harafi ya zama huda. Yagewa a bar ta yadda take, a sa warƙar cikin ninkakkiyar farar takarda. Kowane littafi a kwantar da shi a akwatin kwali marar asid daidai girmansa. Idan babu, a naɗe shi da farin yadin auduga da aka wanke aka fitar da sitaci. Gafaka tana ɗaukar lambar littafinta, amma a naɗe ta daban.

Takardun zamanin Faransawa, irin rahoton rangadin kumandan da rajistar haraji da ta shari'a, matsalarsu ƙarfe ce da siririyar takardar kwafi. A cire allura da maƙalan da suka yi tsatsa a hankali, a sa kowane rukuni a ninkin takarda, a kuma bar fayil yadda ofishin da ya haɗa shi ya bar shi. Wanda ya rarraba fayiloli bisa maudu'in da yake bincike a kai ya sauƙaƙa wa kansa, ya ɓatar da duk wanda zai zo bayansa. Kaset da faifan hirarrakin tarihin baka a jera su a tsaye a wuri mafi sanyi, a gaggauta juya su zuwa kwamfuta, domin na'urorin kunna su suna ƙarewa. Cibiyar nazarin tarihin baka ta CELHTO da ke Yamai tun 1968 ta daɗe a wannan fage, ana iya neman shawararta.

Mataki na 6: Zane, saƙa, fata da ƙarfe

Zanen fenti a jingine shi a tsaye bisa katako, fuska da fuska, baya da baya, da kwali a tsakani. Luru da tera-tera da sauran saƙa a naɗe su a kan bututu mai rufin ƙyalle, domin ninki yana karya zare. Fata ba a shafa mata mai, azurfa ba a goge ta don ta yi ƙyalli. Tagulla idan ta fitar da kore mai gari-gari, a ware ta a busasshen wuri. Haske yana cin launi kuma ba ya dawowa, don haka takarda da saƙa ba sa wuce ƴan watanni a baje, kuma ba a gaban taga ba.

Mataki na 7: Ɗakin kansa

Yanayinmu yana kai kaya ƙarshe biyu: da hunturu iska ta bushe har takarda ta yi ƙaras, a watan Agusta kuma danshi ya hau, kuma da zarar ya daɗe sama da kashi 65 cikin 100 fumfuna tana samun wuri. Abin da ya fi ɓarna shi ne saurin sauyi. Na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa da safe a kashe da yamma, ga kuma ɗaukewar wuta, ta fi rashinta illa. Ɗaki na tsakiyar gini mai kaurin bango, da akwati cikin kabad, suna rage sauyin ba da ko dala ba. A sayi ƙaramin ma'aunin zafi da danshi, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Bayan shekara guda wannan takarda ita ce hujjar neman kuɗi.

Kantoci su zama na ƙarfe, kantar ƙasa ta ɗaga aƙalla santimita 15, a bar rata tsakaninsu da bango domin a ga hanyar gara tun tana sabuwa. Wanda ya ga yadda kogi ya shiga unguwannin Haro Banda na Yamai a 2020 ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da zai sa takardu su hau bene idan akwai shi. A duba rufi da indararo kafin ruwan farko. A toshe tagogi da raga da ƙyalle saboda ƙura, a hana cin abinci a ɗakin, har da goro da shayi.

Sabon kaya ba ya shiga ɗaki sai ya yi makonni a keɓe ana dubansa. Idan an ga ƙwaro mai rai a takarda ko saƙa, kada a fesa maganin sauro. A rufe abin a leda a fitar da iska, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili na tsawon mako biyu, sannan a fitar a bar shi kwana ɗaya kafin a buɗe ledar. Zanen fenti da kaset ba sa shiga firiza. Ganyen dogon yaro da wasu ke sawa, idan za a sa, ya zauna a ƴar jaka a kusurwar kabad, kada ya taɓa takarda.

Mataki na 8: Hoto

Wayar hannu mai kyau ta isa a fara. A shimfiɗa yadi mai ruwan toka a inuwa, a ajiye ma'auni da lambar abin a gefensa, a ɗauki tukunya ta gaba da sama da gindi da wurin da ta ɓalle. Rubutun hannu a ɗauke shi daga sama, kowace warƙa gaba da baya har da marasa rubutu, ba a danna shi a na'urar kwafi ba. Sunan hoto shi ne lambar abin. A yi kwafi uku, ɗaya ya kwana a wani gini, in da hali a wani gari. Littafin da ke ajiya ba a sa hotonsa a intanet sai da yardar masu shi a rubuce, musamman abin da ya shafi asirai ko nasabar iyali.

Mataki na 9: Masu bincike da miƙa makulli

Mai bincike yana cika takarda, a ba shi akwati ɗaya a lokaci ɗaya, ya yi aiki da fensir a gaban ma'aikaci, a ƙirga warƙoƙi kafin da bayan. Duk abin da ya bar kanta, a ajiye kati a gurbinsa mai ɗauke da lambarsa da sunan wanda ya ɗauka da kwanan wata. Wannan ƙa'ida ta hau kan kowa, kuma inda ta fi wuyar aiki shi ne kan manyan malamai, waɗanda ake jin nauyin a ce su sa hannu. Mafita ita ce shugaban jami'a ya fitar da ita a rubuce, a liƙa a ƙofa, domin ƙaramin ma'aikaci ya samu abin nunawa.

Sau ɗaya a shekara, gwamma a watan Mayu kafin damina, mutum biyu su bi rajista su duba kaya kanta bayan kanta, ɗaya daga cikinsu ba ma'aikacin ɗakin ba. Idan mai kula zai bar aiki, shi da magajinsa su yi irin wannan ƙidaya tare, su rubuta abin da aka gani da abin da ba a gani ba, da yawan makullai da wanda ke riƙe da kowanne, su sa hannu a kwafi uku: ɗaya ga shugaban sashe, ɗaya ga mai tafiya, ɗaya a liƙa a cikin bangon rajista.